Kaya Ya Ƙetare Iyaka, Ina Rabon Mai Shi?

(Jawabin da aka gabatar a zaman yamma na taron zagayowar ranar kafa ƙungiya. Mai jawabin ɗan ƙungiya ne da ke harkar wayoyi da kwamfutoci tsakanin Kano da Maraɗi.)



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu da suka kafa ta, sarakunan kasuwanni da suka halarta, Alhazai da Hajiyoyi, dillalai, 'yan kamasho, direbobi da matasanmu masu tasowa, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, da na Damagaram da Tawa da Yamai, da baƙinmu na Garwa da Kwatano da Kumasi, sannunku da hanya. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan turba.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini magana a kan haƙƙin mallaka, da satar fasaha, da abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Na san mai fataucin wake ko albasa ko shanu zai ce, to ni ina ruwana da rigimar 'yan fim da 'yan kwamfuta? Ina roƙon ya ɗan yi mini haƙuri. Duk wanda ke zauren nan akwai waya a aljihunsa, kuma a cikinta akwai fim ko waƙa ko karatu ko littafi da wani ya sha wahala kafin ya yi. Da yawanmu lissafin shago yana cikin kwamfuta. Wasu kuma akan ba su katan na faifai ko na memori a matsayin saƙo, su sa a cikin lodi su ƙetare da shi. Saboda haka muna cikin maganar tsundum.

Kayan da ba ya raguwa

Kayan da muka saba da shi, in ka sayar ya bar hannunka. Buhun wake in ya hau mota a Maraɗi ya sauka a Dawanau, to babu shi a Maraɗi. Fim da waƙa da manhajar kwamfuta ba haka suke ba. Ka tura wa mutum ɗari, naka yana nan daram, kuma na mutum na ɗarin fes yake kamar na farko. Wahalar duka tana wurin yin na farkon. Mai shirya fim ya biya marubuci da 'yan wasa, ya yi hayar kyamara da gida da mota, ya ciyar da jama'a makonni. Kwafi na biyu kuwa minti biyu ne da ɗan cajin waya.

Daga nan gardamar ta taso. Mai kwafa yana cewa, me na sata tunda ban rage masa komai ba? Mai fim yana cewa, ai kasuwata ka ɗauke. Haƙƙin mallaka shi ne amsar da dokokin ƙasashe suka bayar: wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da ikon cewa a kwafa ko kada a kwafa, a sayar ko a raba kyauta, har zuwa wani wa'adi. A dokar Najeriya, littafi yana da kariya tsawon rayuwar marubucinsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa.

Darasin kwalin kaset

Manyanmu za su tuna cewa tun kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo, Kano ta riga ta zama cibiyar kwafar kaset. Finafinan Indiya da na Amurka suna shigowa ta Dubai da Beirut, a jera injuna a kwafe su, a rarraba daga Ƙofar Wambai zuwa garuruwan Arewa da Nijar da Chadi da Kamaru, har Ghana. Babu mai aika wa Indiyawa ko sisi. Da aka yi Turmin Danya a 1990, sannan Sangaya ya zo a 1999 kasuwa ta buɗe sosai, wannan hanyar ce finafinan Hausa suka bi: injunan nan dai, da dillalan nan, da motocin nan. Wani masani mai suna Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano ya yi bincike, ya bayyana wannan a littafinsa da ya fito a 2008.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne yadda 'yan kasuwar wancan lokaci suka warware maganar rabon mai fim. Furodusa yakan kawo uwar kaset guda, ya buga kwalaye masu ɗauke da hoton fim, ya damƙa wa dillali. Dillali ya kwafa a kaset ɗinsa, ya sa a kwali, ya sayar. A kan kwali ake lissafi. Kwali nawa ya tafi, kuɗin mai fim ke nan, wanda bai tafi ba a mayar masa da abinsa. Kaset mai kwalin asali na halas ne, wanda ba shi da shi na sata ne, kuma ƙungiyar masu sayar da kaset tana sa ido.

Tsarin yana da nasa aibu. 'Yan fim sun daɗe suna kukan jinkirin biya da buga kwalin jabu. Duk da haka ku lura da waɗanda suka ƙirƙiro shi. 'Yan kasuwa ne irinmu, ba lauyoyi ba. Sun gane cewa kwafa ba za ta hanu ba, sai suka nemo wani abu da za a iya ƙirgawa, domin kaya in ya tafi, rabon mai shi ya dawo masa.

Da waya ta zo

Faifan CD ya kori kaset. Daga baya waya mai memori ta kori faifan, ta haɗa har da kwalin. Yau a kusan kowace tasha da bakin kasuwa, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Maigatari zuwa Magarya, akwai rumfa da yaro zaune da kwamfuta yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi. Wanda aka tura wa shi ma ya tura wa abokinsa ta Bluetooth ko Xender. Babu abin ƙirgawa, don haka babu abin da ke komawa. Kasuwar faifai ta durƙushe, shaguna da yawa sun canza sana'a. 'Yan fim suka koma wa gidajen talabijin irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka yi fice daga 2020. A YouTube talla ce ke biyan mai fim, gwargwadon yawan masu kallo a can. Duk wanda ya kalla daga memori, kallonsa bai shiga lissafi ba.

Sai dai wannan turi ba ɓarna kaɗai ya yi ba, kuma adalci ne a faɗa. Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan yankin Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi waƙoƙinsa. Ba wani kamfani da ya sayar da su. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya har arewacin Mali. A garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su cikin waƙoƙin da yake tattarawa daga wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da faifan irin waɗannan waƙoƙi, ya bi sawun mawaƙan ya ba su rabonsu daga cinikin. Yau Mdou Moctar yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. Turi ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta kai ba. Amma amfanin bai iso gare shi ba sai da aka samu wanda ya tambaya, wannan na wane ne, ya kuma nemo shi.

Ga wani misali a gida. Marubutan littattafan Hausa na waya, waɗanda yawancinsu mata ne, suna sayar da labaransu ta WhatsApp. Mai karatu ya biya, a sa shi a zauren da ake sakin labarin. Da yawansu sukan ba da lamba ta daban domin masu karatu na Nijar, saboda mai sefa ba shi da hanyar tura kuɗi asusun naira kai tsaye. Wakili a Maraɗi ko Damagaram ya karɓa, ya aika wa marubuciya. Waɗannan mata sun sake gina tsarin kwali da hannunsu. Babban kukansu shi ne mutum ɗaya ya saya ya watsa wa dubu.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare kwafa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko tsada. Farashin da aka yanka wa ma'aikacin Landan ko Paris shi ake son ɗalibin Tasawa ya biya. Na biyu, sau da yawa hanyar halas ɗin ma babu ita. Mutum yana da niyyar biya, amma dandalin sai da katin banki, katinsa kuma ba ya aiki a can, ko kuma kuɗin data ya fi kuɗin fim ɗin. Na uku, sukan ce masu kukan ma ba su tsira ba, tunda labarai da kiɗan finafinan Indiya sun sha shigowa finafinan Hausa ba sallama. Na huɗu, yaron da ke turi a tasha da wannan yake ci, yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa.

Masu haƙƙi su ma suna da tasu. Fim ɗaya yana ciyar da mai ɗinki, da mai kwalliya, da mai haske, da direba, da mai abinci. In jari bai dawo ba, ba za a yi na gaba ba, ko kuma a yi shi a gurguje ba inganci. Kuma laifin da wani ya yi wa Indiyawa ba ya halatta wa wani ya cuci marubuciyar da ke Gusau.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988 ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin kaya da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba. Akwai malaman da suke da sassauci a kan abin da ya shafi ilimin addini, don gudun ɓoye ilimi. Mun kuma san malamai da yawa da bakinsu suke cewa a yaɗa karatunsu. Wanda ya faɗi haka ya ba da izini, an gama magana. Wanda bai faɗa ba, sai a tambaye shi.

A nawa ganin, hujjar tsada da ta rashin hanya gaskiya ne, amma abin da suke nunawa shi ne akwai giɓi a kasuwa: ga mai son saye, ga mai son sayarwa, babu dillali a tsakani. Cike irin wannan giɓin kuwa shi ne sana'armu tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja.

Abin da doka ta ce a kowane gefen iyaka

Wasu suna zaton in kaya ya ƙetare iyaka, dokarsa ta tsaya a baya. Ba haka ba ne. Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi da Benin da Ghana duk suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886. A ƙarƙashinta, fim ɗin da aka yi a Kano yana da kariya a Maraɗi tamkar ɗan Nijar ne ya yi shi, waƙar da aka yi a Yamai ita ma haka take a Kaduna, kuma ba sai an yi rajista ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, domin yarjejeniya ce ta daban.

A Najeriya an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023. Ta shigo da harkar intanet, har ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke kayansa daga shafin da aka ɗora ba izininsa. Hukumar NCC ce ke aiwatar da ita. Shigo da kwafin sata, ko sayar da shi, ko ajiye shi don ciniki, duk laifi ne. A Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta. Abin da wannan ke nufi ga direba da mai lodi shi ne, katan ɗin da aka ba ka saƙo ba ka san cikinsa ba yana iya sa kwastan ko duwan su tsare mota da duk kayan jama'a da ke ciki.

Akwai kuma ɓangaren da zai kare mu mu kanmu. Da yawa a cikinmu yanzu suna da tambarinsu a kan turare, ko sabulu, ko yaji, ko shinkafa. Yau da injin bugawa da kwamfuta, kwafar leda da tambari aikin yini ɗaya ne. Hukumar OAPI, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi a 1977 kuma hedikwatarta ke Yawunde, rajista ɗaya a wurinta tana kare tambari a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Togo, Kamaru, Chadi, Mali da Burkina Faso. Najeriya ba ta ciki, Ghana ma haka. Wanda ke sayar da kayansa a Maraɗi da Kano sai ya yi rajista biyu. Yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, an ƙara mata babi a kan mallakar fasaha a Fabrairun 2023, amma kafin mu ga tasirinsa a bakin iyaka akwai sauran tafiya. Ranar da ɗayanmu ya ga tambarinsa a kan kayan jabu a wata kasuwa, ranar zai ji abin da mai fim ke ji.

Kwamfutar shago

Yanzu mu shiga shagunanmu. Yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu ne, kuma kafin su iso mana an riga an ɗora musu Windows da Word da Excel da aka fasa wa kwaɗo. Ba a tambayarmu, mu ma ba ma tambaya. A 1998 Bill Gates, mai kamfanin Microsoft, da yake magana a kan Sin, ya nuna cewa in dai za a sata, gara a saci nasu, domin mutane su saba da shi, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Ke nan wanda ke amfani da fasasshiyar manhaja bai kuɓuce wa kamfanin ba. Sabo yake yi da abin da wata rana za a ce ya biya.

Haɗarin da ya fi kusa kuma ba na kotu ba ne. Wanda ya fasa manhaja ya ɗora a intanet, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a wannan kwamfutar kake buɗe asusun banki kake ajiye sunayen masu bashi. Sannan mai fasasshiyar manhaja yakan kashe sabuntawa don kada a gane shi, alhali sabuntawar ce ke toshe ɓarakar da ɓarayi ke bi. A Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Ku ƙara da cewa kamfanin ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

A waya ma haka. Matasanmu suna son irin su GB WhatsApp saboda ƙarin kwalliya. Ba na kamfanin ba ne, kuma kamfanin ya sha gargaɗin cewa zai iya rufe lambar da ke amfani da su. Ɗan kasuwar da abokan cinikinsa da hotunan rasit da alkawuran bashi duk suke cikin lamba ɗaya, ya auna abin da zai rasa.

Rijiyar waƙafi

To in mutum ba shi da kuɗin lasisi, kuma ba ya son na sata, ina mafita? Nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo.

Kowace manhaja tana da rubutun da aka gina ta da shi, kamar yadda kowane turaren wuta yake da haɗinsa. Kamfanoni irin su Microsoft suna sayar maka da turaren, su ɓoye haɗin. A 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya fara wani yunƙuri na gina manhajojin da haɗinsu ke a fili, kowa yana da izinin ya yi amfani da su, ya duba cikinsu, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1989 ya fitar da lasisin GPL. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara Linux, wanda daga baya ya sa a ƙarƙashin wannan lasisi.

Wannan ba watsi da haƙƙin mallaka ba ne. Mai abu ne ya yi amfani da haƙƙinsa ya ba da izini a rubuce, da sharaɗi. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne rijiyar waƙafi. Ka ɗiba ka sha, ka shayar da dabbobinka, in kai ɗan garuwa ne ka ɗiba ka sayar. Abin da ba ka da iko shi ne ka kewaye ta ka sa kwaɗo. Sharaɗin GPL ke nan: in ka gyara manhajar ka raba wa mutane, dole ka bar gyaranka a buɗe kamar yadda ka samu. Fasasshen Windows da Linux duka ba ka biya ko sisi ba, amma ɗaya ka haura katanga ne, ɗayan mai gida ne ya buɗe maka ƙofa.

Kuma kuna amfani da irinsu ba ku sani ba. Android da ke cikin yawancin wayoyinmu a kan Linux aka gina shi. VLC mai alamar mazurari ruwan lemo, wanda muke kallon bidiyo da shi, ɗalibai ne suka fara shi a Faransa. Firefox na shiga intanet shi ma haka. LibreOffice, wanda ya fito a 2010, yana yin aikin Word da Excel, yana kuma buɗe takardunsu. GnuCash na lissafin shiga da fita ne. Ba kayan talaka kaɗai ba ne. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani nau'in Linux, kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da ke tayar da tsohuwar kwamfutar da Windows ya yi wa nauyi.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Sai an koya, kuma hannun da ya saba da wani abu yakan yi gardama. Takardar da aka tsara a Word wani lokaci takan ɗan karkace in an buɗe ta a LibreOffice. Wasu injunan bugawa da wasu manhajojin banki ko na hukuma Windows kaɗai suka sani. In abu ya lalace, masu gyaran da suka iya Linux ba su da yawa a kasuwanninmu. Sannan rijiyar waƙafi ma tana bukatar yasa. A 2014 an gano wata babbar ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa, sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita, da ɗan tallafi kaɗan. Abin da kowa ke sha babu mai gyarawa, wata rana zai ƙafe.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Ina da shawarwari biyar, in shugabanni sun ga dacewarsu.

Na farko, mu sa a cikin ƙa'idojinmu cewa ɗan ƙungiya ba zai ɗauki lodin faifai, ko memori da aka cika, ko littattafai masu yawa ba sai da takardar da ke nuna mai su da izininsa. Yadda muke tambayar takardar dabba da ta mota, haka za mu tambayi wannan.

Na biyu, ƙungiya ta nemi zama da ƙungiyoyin masu shirya finafinai da mawaƙa da marubuta na ɓangarorin biyu, a kan wakilci. Muna da mutane amintattu a kowane gari, mun iya canjin naira da sefa, muna aiki da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza kullum. Mai turi a tasha yana iya zama wakili mai izini: ya karɓi sabon fim daga mai shi da wuri kuma mai kyau, ya biya wani abu sananne a mako ko a wata, ya rataya shaidarsa a rumfa. Yaron bai rasa sana'arsa ba, mai fim ya samu abin ƙirgawa.

Na uku, ofishin ƙungiya ya fara da kansa. A ɗora LibreOffice a kwamfutocin sakatariya, a gwada wata shida ana rubuta wasiƙu da lissafin kuɗin wata-wata da shi, sannan sakatare ya faɗa mana gaskiyar abin da ya gani. Inda aiki ya wajabta Windows, a sayi lasisin halas.

Na huɗu, mu ɗauki nauyin koyar da wasu daga cikin yaranmu masu gyaran waya da kwamfuta yadda ake ɗora Linux da kula da shi. Sana'a ce da ba ta da cunkoso tukuna. Kuma tunda a buɗe manhajojin suke, wanda ya ƙware yana da izinin fassara su zuwa Hausa ba tare da ya roƙi kowa ba.

Na biyar, duk mai tambari a cikinmu ya yi masa rajista a OAPI da kuma a Abuja, tun kafin wani ya riga shi. Ƙungiya tana iya haɗa masu bukata su ɗauki lauya ɗaya, kuɗin ya yi sauƙi.

Iyayena da 'yan'uwana, an rufe iyakar nan a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta a 2023, kuma duk mun ga abin da ya riƙe kasuwancinmu a lokacin. Mutum yana Kano kayansa na Damagaram, ba takarda ba shaida, amma kuɗinsa ya iso masa cif. Wannan amanar ita ce jarinmu na gaskiya. Abin da nake nema shi ne mu shigar da mai fim da mawaƙi da marubuciya da mai rubuta manhaja cikin waɗanda muke riƙe wa ita. Kafin mu tura, ko mu ɗauka, ko mu ɗora a kwamfuta, mu yi tambayar da muke yi a kan kowane kaya: na wane ne, kuma ya yarda?

 Allah Ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.